Akwatin solar da na kai asibitin ƙauye: fitilarsa ta fitar da ni kunya, soket ɗinsa ya ɓata min rai

Tun da na sayi akwatin solar nan abokan aiki ke ta tambayata wai yana da kyau su ma su saya ko kuwa, to ga dai abin da na gani da idona. Irin ɗan ƙaramin nan ne mai hannun ɗauka a sama, da farantin sola mai naɗewa, da ƙwan fitila uku masu doguwar waya, da ramukan cajin waya, sai soket ɗaya a gefe irin na bango. A wani shago a Kano na saye shi. Ni dai na rufe ido na saya ne saboda inda nake aiki, ƙaramin asibiti ne a wani ƙauye can cikin fadamar Haɗeja ta wajen Guri, babu wuta sam, solar da ke kan rufin kuwa ta firijin allurar rigakafi ce ita kaɗai, irin firijin nan mara batir mai haɗa ƙanƙara da rana ya riƙe sanyi da dare, ba a jona masa komai, don alluran dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 in ba haka ba sun tashi aiki. Kafin akwatin nan in aka kawo mai naƙuda da dare sai dai tocilan ta waya, wani lokacin a baki nake riƙe ta saboda hannuwana biyu suna aiki.

Abin da ya sa har yau ban iya zagin akwatin nan gaba ɗaya ba wani dare ne cikin watan Agusta. Wanda ya san yankin ya san yadda damina take mana, kogi ya cika, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya bi gonaki ya yanke hanyar mota, sai kwale-kwale ko amalanke. Kwanakin ga hadari kullum, farantin bai samu ranar kirki ba, da magariba na duba na ga layi biyu ne kawai ya rage a ɗan gilashin da ke nuna caji, har na kashe komai na ce a bar shi don ko-ta-kwana. Wajen sha ɗayan dare Baba maigadi ya buga min ƙofa, "Malama fito, an kawo mai haihuwa a amalanke." Haihuwarta ta bakwai, ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida, ga ta jiƙe sharkaf da ruwan sama ita da ungozomar ƙauyensu, wata tsohuwa da muke kira Inna. Na rataye ƙwai ɗaya a ƙarfen da muke rataye ruwan drip, ɗaya a ƙusar bango saitin gadon, na uku na miƙa wa Inna na ce "Inna riƙe min nan, duk inda hannuna ya je ki bi shi." Ba a jima ba ta haihu, namiji, ya yi kuka, na yi mata allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke kamar yadda ake yi, mabiyiya ta fito, har na fara cewa alhamdulillahi sai jini ya ɓalle.

Duk wadda ta taɓa karɓar haihuwa ta san abin da nake nufi. A littafi an ce in jinin ya kai rabin lita, wato mil 500, an shiga haɗari, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, amma a ɗaki mai duhu wa zai auna maka mil, zani ne kawai kake ji yana jiƙewa. Da hasken nan na ga launin jinin da yawansa a kan leda, na ga leɓenta ya fara fari. Na murza mahaifa na ji ta yi laushi, na ci gaba da murzawa, na sa mata robar fitsari, sannan aka zo neman jijiya, jijiyoyin duk sun ɓuya saboda jinin da ta zubar, Inna ta matso da ƙwan har yana taɓa hannuna, sai ga wata 'yar siririya a bayan hannu, na samu a shiga ɗaya. Ruwa ya fara tafiya da ƙarin oxytocin a ciki. Da na duba ƙasa kuma ashe akwai ƙari, ta yage ta ciki inda tocilan ɗin waya ba zai taɓa nuna min ba, na zauna na ɗinke shi ɗinki bayan ɗinki ina kallon bakin allurar sarai. Duk wannan abin ina satar kallon akwatin, layi biyu ya koma ɗaya, ɗayan ya fara ƙiftawa, gabana na faɗuwa, ga wayata ma na jona ta ina kiran direban da ke kai mana masu naƙuda babban asibiti, shi kuma ya ce ruwa ya rufe hanya sai gari ya waye. Wallahi fitilun nan ba su mutu ba, ba su ma rage haske ba, har aka kira assalatu. Jinin ya tsaya tun wajen ƙarfe biyu, da safe aka tsallaka da ita aka yi mata ƙarin jini, yau tana nan da ɗanta lafiya lau. Ranar da a ce mai shagon yana kusa da sai na ƙara masa kuɗi.

Bayan suna mijin ya aiko min da tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin banda irin na Haɗeja mai ƙamshin hayaƙi wanda in ya sha daddawa da barkono ba ka neman nama, da ƙwaryar fura da nono mai kauri daga rugar da ke bayan gari. Na je gaishe ta na tarar da kunun kanwa a ƙaton kwano, na roƙi Inna da uwar mijin a rage kanwar kuma a sassauta zafin ruwan wankan jego, don likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, balle wadda ta zubar da jini haka. Suka ce to Malama, sun dai rage.

To a nan ne kuma ɓacin ran ya fara, don ina son ɗaukar hoton abincin nan da 'yan suna, kyamarata ba caji. Ni mai son hoto ce, marasa lafiya ba na ɗaukarsu sai da izininsu, amma masunta da taru, da matan da ke shanya shinkafa, da kasuwar kifi, da abincin da ake kawo min, duk ina ɗauka ina ajiyewa. Kuma tun a shago na faɗa wa yaron, na ma nuna masa cajar kyamarar, ya ce "Hajiya wannan soket ɗin har talabijin da fanka yana ɗauka, balle wannan 'yar abar." Na jona cajar, akwatin ya yi ƙara tiii, wata 'yar fanka ta ciki ta tashi, kafin minti biyar komai ya ɗauke har da fitilun, sai ka kashe ka kunna. Na bari ya cika tam da rana tsaka na sake gwadawa, haka dai. Na gwada da cajar kwamfutar wata abokiyar aikina, ita ma haka, har cajar ta yi zafi muka yi maza muka zare. Abin da ko batirin kyamara ɗan mitsitsi ya gagara, ina maganar fanka.

Da na shigo Kano na kai musu da rasit ɗina, garanti wata shida suka rubuta da hannunsu. Yaron da ya saida min ya ce sai oga ya zo, oga ya zo ya jujjuya shi ya shinshina ya ce ruwa ya shiga. Na ce Alhaji ruwa ya shiga ta ina fitila da cajin waya ke aiki lafiya lau, kuma tun ranar farko da na gwada soket ɗin haka yake? Ya ce ai ƙauye kika kai shi. To da ina zan kai shi, mai wuta a gida me zai yi da shi? Ƙarshe ya ce in bar shi a duba, in dawo bayan sati biyu, ni kuma ba zan iya barin ɗakin haihuwa sati biyu a duhu ba, na ɗauko abina na fito raina a ɓace. Lokacin ma ana tsakiyar rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 duk wata, masu rabon suna shigar da bayanai a waya, duk a wurina suke caji da yamma. Wannan kam ban da ƙorafi, waya huɗu biyar yana cika su in rana ta yi kyau.

Da hunturu ya shigo sai wata matsalar ta fito. Ƙura na rufe farantin, in ba ka goge shi da tsumma safe da yamma ba caji ba ya kai rabi, wayar farantin kuma gajeriya ce ƙwarai, dole akwatin ya zauna kusa da taga yana shan ƙura shi ma, sai da Baba maigadi ya samo mai gyaran rediyo ya ƙara mata tsawo. Lokacin ne kuma tsuntsayen nan masu ƙaura daga Turai ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, na shirya zuwa dausayin Baturiya tun da daɗewa don su, na je da batiri ɗaya mai rabin caji, ina tsaka da ɗauka garke guda ya tashi daga kan ruwa kyamarar ta mutu a hannuna. Har yanzu in na tuna sai na ji haushin yaron nan da ya kalli cajata ya ce min tana hawa. Da ya faɗi gaskiya da tun ranar na sayi caja mai shiga ramin USB, wadda ita nake amfani da ita yanzu kuma tana cika batirin lafiya, kuɗinta ma bai taka kara ya karya ba.

Da farko duk wadda ta tambaye ni cewa nake ki saya kawai, yanzu kuwa sai na tambaye ta me za ta yi da shi. In ɗakin haihuwa ne ko wurin ɗinki da sa ruwa da dare, ƙwayayen nan uku sun isa, haskensu fari ne tas ba ya rawa. In don soket ɗin ne kada ki ba da ko sisi sai kin je da abin da za ki jona, a jona shi a gabanki a cikin shagon ya yi rabin awa kina zaune, kuma a rubuta miki a rasit cewa garantin ya haɗa da soket. Nawa dai na liƙe bakinsa da filasta don kada wani ya jona abu da dare fitilu su ɗauke muna tsakiyar aiki, kuma ƙarshen wata in na shigo Kano zan sake komawa shagon da rasit ɗina kafin wata shidan su cika.