Gargaɗi ga masu zuwa Biyetnam sayen tsaraba: hattara da ɗan rakiya, silikin roba da telolin Hoi An

'Yan uwa masu shirin tafiya Biyetnam, ko kasuwanci zai kai ku ko yawon buɗe ido, ku tsaya ku karanta wannan kafin ku shiga kasuwa. Ƙasar tana da gwanayen masu sana'ar hannu, masaƙa da teloli da masu tangaran, kuma aikinsu ba na wasa ba ne. Matsalar ita ce tsakanin baƙo da su akwai jerin 'yan kamasho, kuma daga wurinsu yawancin cutar take farawa.

Direban tasi, mai keken ɗaukar fasinja, jagoran yawo, har ma'aikacin otal mai yawan fara'a, kowa zai ce maka ya san inda ake samun kaya a farashin masana'anta, ko kuma ƙanwarsa tana da shago. Motocin da ke kwasar baƙi daga Hanoi zuwa gaɓar Ha Long sukan tsaya a wani wuri da sunan hutawa, sai ka tarar katafaren kanti ne na lu'ulu'u da zanen sirfani. Duk abin da ka saya a irin wannan wuri, wanda ya kawo ka yana da la'adarsa, kuma daga aljihunka take fita. Shi ya sa mai shagon ba ya iya rage maka sosai ko da ka iya tayi. In kuwa ka matsa har ya sallama, zai fanshe ta wajen ingancin kayan, ya nuna maka wani ya ƙunsa maka wani.

Maganin wannan shi ne ka je da kanka. Ka kira mota ta manhajar Grab, ka rubuta adireshin da hannunka, in kun isa ka duba lambar gidan. A can kwaikwayon sunan shagon da ya yi suna ba abin kunya ba ne, za ka iya ganin shaguna uku a layi ɗaya masu suna kusan iri ɗaya. Direban da ya ce maka wurin da kake nufi an rufe shi ko ya tashi, amma ya san wani da ya fi shi, ka gode masa ka sauka.

Siliki ne aka fi cutar mutane a kansa, kuma mutanenmu na yawan sayensa saboda gyale da kayan lefe. Layin Hang Gai da ke tsohuwar unguwar Hanoi ya shahara da shi, haka ƙauyen Van Phuc mai nisan kimanin kilomita 10 daga tsakiyar birnin, inda har yanzu ake jin ƙarar masaƙa. Sai dai ganin masaƙa a bakin shago ba ya nufin ita ta saƙa abin da ke rataye a ciki. Ana shigo da yadi daga Sin, ana kuma sayar da na roba da sunan alharini. Girman shago ma ba shaida ba ne. A watan Oktoba na 2017 wani mai saye ya karɓi gyale 60 daga shagon kamfanin Khaisilk da ke Hang Gai, ya tarar da guda yana ɗauke da tambari biyu, ɗaya na cewa a Sin aka yi shi, ɗaya na cewa a Biyetnam. Mai kamfanin, Hoang Khai, ya fito ya amsa cewa yana shigo da kaya daga Sin, daga baya kuma gwajin da ma'aikatar masana'antu da ciniki ta sa aka yi ya nuna wasu kayan babu siliki a cikinsu sam. Wannan fa kamfani ne da ake yi wa kallon na manya.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. A zare zare biyu ko uku daga bakin yadin, a sa musu ashana. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, yana mutuwa da zarar an janye wutar, kuma abin da ya rage baƙin dunƙule ne da ke murmushewa in ka murza shi da yatsa. Na roba narkewa yake yi, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murzuwa. Akwai na uku da ake yi daga ɓargon itace, mai santsi da sheƙi kamar siliki, shi kuma ci yake yi da sauri yana warin takarda, tokarsa fara-fara. Amma akwai dabara biyu da ake yi wa wanda ya san gwajin. Ta farko, mai shago zai zaro zaren daga wani ƙyalle da ke ajiye a teburinsa don wannan aikin, don haka ka dage sai daga bandir ɗin da za a yanka maka. Ta biyu, ana saƙa yadi da siliki a zaren tsaye, roba a zaren kwance, saboda haka a gwada kowane ɓangare daban. Wanda ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa. Gyalen da ake tallarsa a kasuwar dare kan kuɗin kofin kofi biyu kuwa ba ya buƙatar ashana, araha ba ta ado.

Garin Hoi An, mai nisan kilomita 30 kudu da Da Nang, cike yake da ɗaruruwan shagunan teloli masu alƙawarin kammala kwat cikin awa 24. Da yawansu ba a shagon ake ɗinkin ba. Awonka kawai suke ɗauka, su tura wa wasu masu kwana a kan keke suna yi wa shaguna da dama aiki a dare ɗaya. A wannan tsakanin ne ake musanya yadi. Ka zaɓi ulu, a kawo maka mai launi iri ɗaya wanda rabinsa roba ne. Rubutun da ke bakin bandir mai cewa daga Italiya ko Ingila yake, kada ya ruɗe ka, ana saƙa shi a kan kowane irin yadi.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a yanko maka ƙyalle daga bandir ɗin, a maƙala shi a jikin rasit, a rubuta nau'in yadin, irin shafin ciki, adadin kaya, jimillar kuɗi da ranar gwaji. Kada ka biya fiye da rabi. Ka ba kanka kwana uku a garin don a yi gwaji sau biyu, kuma kada ka faɗa musu ainihin ranar tafiyarka, ka rage kwana guda. Sun sani sarai wanda aka kai wa kaya otal saura awa ɗaya jirginsa ya tashi ba shi da bakin magana. Ranar karɓa ka kara ƙyallen da kayan a hasken rana, ka juya cikin rigar ka duba ko an bar rarar yadi a ɗinkin da za a iya buɗawa nan gaba, ka ɗaga hannuwa sama ka ji hammata, ka ja maɓallai. A kwat, ka tsunkuli gaban rigar ƙasa da maɓalli na ƙarshe. In ka ji wani yadi na uku yana yawo tsakanin na waje da shafi, ɗinka shi aka yi. In ka ji gaban ya yi kauri ya manne wuri ɗaya, da gam aka liƙa shi, kuma irin wannan yakan tashi ya yi ƙuraje bayan an sha wanki da guga. Ba laifi ba ne a sayar da na gam, laifin a karɓi kuɗin na ɗinki ne. Mai son kaftani ko jallabiya ya tafi da tasa su kwafa, don bayanin baki ba zai wadatar ba. Mata masu son doguwar rigar gargajiya ta Biyetnam, ao dai, su sani matsattsiya ake ɗinka ta da tsaga har ƙugu, sai an faɗa tun wajen awo za a sassauta.

Sai itacen turaren udu, wanda suke kira tram huong, kuma yankin Khanh Hoa ya yi suna a kansa. Nan masu son turaren wuta suke zubar da kuɗi. Yawancin na kasuwa daga gonaki yake, inda ake raunata bishiyar da gangan don ta fitar da ƙaro. Wannan halal ne in an faɗa maka. Na damfara shi ne farin itace da aka jiƙa a mai da rini. Za ka gan shi baƙi wuluk bai ɗaya, ƙamshinsa na dukan hanci tun ba a ƙona ba, in ka naɗe shi a farar takarda ya bar maiƙo. Na gaske jijiyoyinsa ba sa tafiya daidai, ƙamshinsa a sanyi kaɗan ne, sai ya ji zafi yake buɗewa. Za a jefa maka guntu a ruwa ya nutse a ce ka ga shaida, alhali ana ɗura wa itace gam ko a cusa masa dalma don ya yi nauyi. Ka zaɓi guntun da kanka, a fere shi daga ciki, a ɗora a garwashi. Hayaƙi mai yaji da ke sa ido ruwa alamar sinadari ne. Mafi daraja a cikinsa, ky nam, giram ɗinsa kan fi na zinariya tsada, to wanda ya miƙo maka carbin ky nam a kan dala 100 ka san abin da yake yi. Kuma itacen yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa. Sassaucin da aka yi wa matafiyi bai wuce kilo 1 na guntaye, mililita 24 na mai da carbi biyu ba, kuma ba kowace ƙasa ke aiki da sassaucin ba. Abin da ya haura haka sai da takardar izini.

Farantai da akwatuna masu sheƙi da ake kira son mai, na asali da ƙaron wata bishiya ta yankin Phu Tho ake yin su, shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe an goge shi da ruwa, aikin watanni. Na tsaraba fentin kanti ne aka fesa a kan matsattsen garin katako cikin 'yan kwanaki. Ka shinshina, in ka ji warin tina ka ajiye. Ka juya gindinsa ka duba inda aka ɗaura ƙusa ko maratayi, a nan ainihin katakon yake bayyana. Wanda aka yi da ɗanyen katako lafiya lau yake a laimar Hanoi, amma hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram ya isa ya tsaga shi. Kada kuma a zuba abinci mai zafi a cikin na fenti.

Zanen hannu ma haka. Bui Xuan Phai, mai zana tsoffin layukan Hanoi, ya rasu tun 1988, amma sa hannunsa bai daina bayyana a sababbin zane ba. A 2016 gidan adana zane-zane na birnin Ho Chi Minh ya baje zane 17 da aka ce an dawo da su daga Turai, kwamitin masana ya duba ya ce babu ko ɗaya da yake aikin wanda aka jingina wa. In gidan tarihi ya faɗa wannan rami, baƙon kwana biyar ya sayi zane don ya burge shi kawai, a farashin kwafi.

Lu'ulu'un Ha Long da tsibirin Phu Quoc, ka goga shi a haƙori, na gaske yana da ɗan kaushi kamar yashi, na roba sulɓi ne, kodayake wannan ba zai raba maka na teku da na tafki mai araha ba. Kofi na sha da ake cewa daga kashin wata dabba aka tsince shi, mai arha a kasuwar Ben Thanh ta birnin Ho Chi Minh, ƙamshi aka zuba masa. Kyastu na Zippo da ake cewa na sojojin Amurka ne na lokacin yaƙin Biyetnam, sababbi ne aka tsufar. Kayan matan ƙabilar Hmong na garin Sapa kuwa zubar shuni ba aibi ba ne, duk wanda ya san kayan marinar Ƙofar Mata ya san haka. Bayan sirfanin za ka duba, na hannu yana da ƙulli da ɗan karkata, na inji sumul yake.

Abu biyu kada ka taɓa ko da kyauta. Hauren giwa da ɓawon kunkurun teku, dokar hukunta laifuka ta Biyetnam da ta fara aiki a farkon 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 a kan fataucin irin waɗannan, kuma mai fasfo ɗin Najeriya ya san an riga an sa ido a kan wannan hanya. Na biyu kayan tarihi. In tsohon tangaran ɗin da aka sayar maka jabu ne, kuɗinka ya tafi. In na gaske ne, doka ta hana fita da shi ba izini, kwastan za su karɓe. Ko sabon tangaran na ƙauyen Bat Trang ka saya mai kama da tsoho, ka karɓi rasit da ke nuna sabo ne.

Wajen biya a natsu. Dong ne kuɗin ƙasar, dala ɗaya ta haura dong 25,000, sifirai suna da yawa, kuma duk takardun hoton Ho Chi Minh ne a gabansu. Takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, ta 200,000 da ta 10,000 ma suna ɗan kama. Ka miƙa ta 500,000, a sauya ta cikin ƙiftawar ido a nuna maka ta 20,000 a ce ba ka cika ba. Ka ware manyan takardu a aljihu daban, ka faɗi adadin da baki kana miƙawa. In an ce maka hamsin, dubu hamsin ake nufi, amma ka sa a buga a kalkuleta a kuma tabbatar dong ne ba dala ba. In da kati za ka biya, ka ƙirga sifiran da ke allon na'urar kafin ka sa lambar sirri, ka kuma zaɓi a cire da dong.

Kada ka bari a shiga da kayanka bayan kanti a naɗe, a ƙunsa a gabanka. Mai shagon da ya ce zai aiko maka da kaya gida, ka ɗauki hoton kowane guda, ka sa hannu a gindinsa da alƙalamin da ba ya gogewa, ka karɓi lambar bin sawu kafin ka cika kuɗin. Wanda ya yi sayayyar dong miliyan 2 zuwa sama a shago ɗaya a rana ɗaya yana iya karɓo kashi 85 cikin 100 na harajin kaya a filin jirgin Noi Bai na Hanoi ko Tan Son Nhat na birnin Ho Chi Minh, in dai shagon na cikin tsarin kuma ba a wuce kwana 60 ba. Takarda ta musamman ake cikewa da lambar fasfo, kuma jami'an kwastan za su nemi ganin kayan, don haka kada ka tura jakar kafin su duba.