Na Musa ko na Yesu: amsa ga Maman 'Yan Biyu

Maman 'Yan Biyu barka da yamma, na ga tambayarki tun safe, cewa surukarki za ta zo daga Kaltungo ta yi Ista da ku a Tumfure, kuma kina so ki san wane fim za ki sa wa iyali, tsohon fim ɗin Musa ko fim ɗin Yesu. A gidanmu duk biyun muke kallo kowace shekara tun Baba yana da rai, tun zamanin kaset, don haka bari in faɗa miki yadda na gan su.

Na Musa, wanda muke ce wa Dokoki Goma, ya fito 1956, Charlton Heston ne ya fito a Musa, wani ɓangare a Masar aka ɗauka. Fim ne mai girma gaskiya, sanda ta zama maciji, kogi ya zama jini, Bahar Maliya ta tsage biyu, yara ko ƙifta ido ba sa yi. Amma awa 3 da minti 40 ne fa, a zafin nan na Gombe da mutum ke neman iska ƙarfe tara na dare, ga wuta ba tabbas, in janareta za ki tayar ki yi lissafin mai tukuna. Mu raba shi biyu muke yi, mu tsaya inda Musa ya ga kurmi yana cin wuta, washegari mu ƙarasa. Kuma da Turanci ne, Mama surukarki za ta riƙa tambaya me ya ce me ya ce, wanda ke fassara mata ba zai ji daɗin kallo ba ita ma haka.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne ƙarin da aka yi. Duk labarin soyayyar Musa da gimbiya a fādar Fir'auna babu shi a Littafin Fitowa, masu fim ne suka sa. Kuma Musan fim ɗin bakinsa zaƙwai, alhali a Fitowa 4:10 shi da kansa ya ce wa Ubangiji shi mai nauyin baki ne, shi ya sa aka haɗa shi da Haruna. 'Yata ta taɓa kai labarin gimbiyar nan ajin Lahadi a matsayin Nassi, ranar na gane dole in riƙa zama kusa da su da Littafi a hannu.

Na Yesu kuwa 1979 ne, a Isra'ila aka ɗauka, wajen awa 2, kuma Bishara ta Luka ya bi, yawancin maganar daga Nassi aka ɗebo. Ba shi da abin burgewa irin na wancan, hoton ma ya tsufa, matasa sukan ce yana tafiya a hankali. Amma akwai shi da Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa. Kakata da ba ta shiga aji ba, in aka zo wurin Zakka a kan bishiya sai ta riga shi magana, in aka zo kan gicciye inda ɓarawon nan ya ce Yesu ka tuna da ni, sai ta ja gyale ta rufe fuska, gidan ya yi tsit har yaran. Ban taɓa ganin fim ɗin Musa ya yi mata haka ba ko sau ɗaya.

Wasu za su ce me ya haɗa Musa da Ista. Ya haɗa sosai ma. Daren da aka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa mutuwa ta wuce, Fitowa 12, shi ne Idin Ƙetarewa, kuma abincin Idin ne Yesu ya ci da almajiransa a Luka 22 kafin a kama shi. Fim ɗin Musa ya nuna daren Ƙetarewar nan da kyau ƙwarai, iyali a ɗaki suna cin abinci ana jin kuka daga waje. In yaro ya ga wannan, Jibin Ubangiji ba zai ƙara zame masa gurasa da ruwan inabi kawai ba.

Ga yadda muke yi: Laraba da Alhamis da dare Musa, Jumma'a bayan an dawo sujada Yesu, a tsakar gida kan tabarma da zoɓo mai sanyi da mangwaro. Lahadi kam ba fim, girki ne da kai wa maƙwabta shinkafa, Litinin a tafi Galili, wato taron da ake fita waje a yi washegarin Ista.

In dare ɗaya kawai kike da shi, kuma Mama na gida, ki sa na Yesu da Hausa, ki sauke shi a waya tun yanzu kada netiwok ya ba ki kunya, ki zaunar da 'yan biyun kusa da kakarsu.