Wufar da aka kawo min daga Mubi, bayan wata 11 a falona a Garwa

Ƴan uwa da yawa sun tambaye ni a WhatsApp yaya wufar nan take tun da na saka hotonta bara, toh ga amsa sau ɗaya kowa ya huta. Irin mai kai uku ce, babban akwatin bas ɗaya da ƙananan bafle (sifika) biyu, tana da Bluetooth, tana cin kle (filashin USB) da katin memori, ga rediyon FM ga rimot. Ƙanin matata ne ya taho min da ita daga Mubi, ta tsaya min jaka 45 har da kuɗin mota. Ba zan faɗi sunan kamfani ba dan irinta sun cika babbar kasuwa, suna kawai ake canzawa.

Sauti dai wallahi ba laifi. Karatun Alƙur'ani da tafsiri suna fita tas, muryar malami kamar yana zaune kan tabarma a gabanka, azumin da ya wuce kusan kullum bayan la'asar ita muke kunnawa. Bluetooth ɗin yana kamawa daga tsakar gida amma kana shiga bayan ɗaki zai fara yankewa. FM kuma sai ka miƙe ƴar wayar eriya ka rataya ta jikin taga, in ba haka ba shuuu kawai zaka ji. Rimot ɗin ne banza, wata uku ya yi.

Abin da ya fara ɓata min rai rubutun kwali ne. An buga 5000W da manyan baƙaƙe, ni kuma da farko har ina faɗa wa mutane. Ranar da na juya bayan akwatin na karanta ƙaramar takardar da aka manna sai na ga gaba ɗaya wutar da take ja 60W ce. Ta yaya abin da ke shan 60 zai fitar da dubu biyar? Wancan babban adadin shi ake kira PMPO, na talla ne kawai, wanda ake dubawa shi ne RMS, mai nuna ainihin ƙarfinta. Dan Allah in zaka saya ka juya bayanta kafin ka ciro kuɗi.

Sai maganar kan waya. Kayan Najeriya da kai mai ƙafa uku masu faɗi suke zuwa, mu kuma priz ɗinmu nan mai rami biyu zagayayyu ne. Na sayi adafta na dala ɗari na jona, ashe ba ya kamawa da kyau, da an taɓa sai ka ji tsit tsit. Wata rana maman yara ta ce min, Baban Amira zo ka sunsuna nan, roba nake ji tana ƙonewa. Na zare, gefe ɗaya ya yi baƙi ya narke, zafinsa har ya ƙona min yatsa. Ralonji ɗaya ne kuma, wato doguwar waya mai ramuka da yawa, da talabijin da fanka da cajar waya uku duk a kai, bayan labule. Allah ne kawai ya tsare. Washegari na kai aka yanke kan aka sa irin namu.

Amma babban abin ya faru ne a watan Afrilu. Duk wanda ke Garwa ya san lokacin, zafi ya haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, wuta ana kawowa ana ɗaukewa. An ɗauke wajen ƙarfe tara na dare muna cikin sauraro, muka fita waje da tabarma, ban kashe komai ba ban zare komai ba. Cikin dare aka maido, na ji ƙara ɗaya fat daga falo, da safe na danna na danna shiru, ko ƴar jar fitilar ba ta kawo ba.

Na ɗaura ta a bayan moto na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da ampili, mutum ne da ya daɗe a sana'ar, teburinsa cike da tsofaffin rediyo. Ya kwance bayan, kafin ma ya duba komai sai ya juyo min da ita ya ce, Malam kalli nan. Ƙurar hunturu ce ta kwanta kan allon kamar an barbaɗa gari, ƙarfen da ke sanyaya ampili ɗin ya toshe gaba ɗaya, ga ƙwan kyankyaso a lungu, ta ramin bas suka shiga. Fizibil, wato fiyus, ya ƙone da wasu ƙananan abubuwa biyu a gefen da wuta ke shiga. Na ce Baba ba za a iya ɗaura siririyar waya a wurin fizibil ɗin ba, na ga ana yi. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce yaro wannan ɗan gilashin shi ya mutu a madadin taransifoma ɗinka, in ka sa waya gobe ba gyara zaka zo ba, ruwa zaka nema na kashe gobara. Ya nemo mai lamba daidai da tsohon ya sa. Na miƙa hannu zan taɓa wasu gwangwanaye biyu a ciki ya buge min hannu, ya ce suna riƙe wuta ko an zare waya. Jaka 4 na biya.

Daga nan ban koma gida ba sai da na sayi regilata, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai 1000VA, mai maɓallin jinkiri, in an maido wuta sai ya ɗan jira kafin ya saki. Wutarmu 220 ce a rubuce amma allurarsa na nuna min yadda take sauka da yamma tana hawa cikin dare. Ni a ganina duk mai sayen wufa a nan ya haɗa kuɗin regilata cikin lissafi tun farko, in kuɗin bai kai ba ya sayi ƙarama. Da damina kuma in hadari ya haɗo daga gabas ana walƙiya zarewa nake gaba ɗaya, regilata ba ya tare tsawa. Ƙyallen da uwargida ta ɗinka mata mai ado yanzu sai an kashe ta huce ake rufawa, da a rufe muke kunna ta. Na kuma janye ta daga bango kamar taki ɗaya, na ɗora ta kan ɗan benci saboda shara da ruwan wanke ɗaki, duk Juma'a ina bi da busasshen burushin fenti.

Ƙarar ma na rage. In ka kai volim ƙarshe sautin yana fashewa yana kerr kerr, wannan fashewar ita ke ƙona ƙananan bafle ɗin. Ga kuma kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙara mai ma'aunin desibel 80 mutum zai iya ji har awa 40 a sati, amma in ya kai 90 awa 4 ne kawai. Ba ni da na'urar aunawa, abin da nake yi in sai na ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ni ya ji magana toh ta yi yawa. Amira tana son zama dab da akwatin bas tana ɗora tafin hannu tana jin yana girgiza, na hana, wurinta yanzu kan kujera can gefe.

Wata shida kenan tun gyaran ba ta sake ko tari ba. In ta mutu zan sake sayen irinta, amma a nan Garwa inda za a gwada min a shago in ga kan wayarta da idona. Wanda ya san inda ake samun rimot da zai yi da ita ya taimaka ya faɗa min, na gaji da tashi duk lokacin da za a canza sura.