Motar zagaya filin tsere: me za ka saya, me za ka ƙyale tukuna?

A Ingila da Jamus da Afirka ta Kudu akwai ranakun da ake buɗe filin tseren mota ga kowa. Ka biya kuɗi, ka zo da motarka, ka yi ta zagaya Brands Hatch ko Silverstone ko Kyalami, ba gasa ba kofi. Tsohon filin Nürburgring na Jamus kuwa, zagaye ɗaya kusan kilomita 21 ne. Da yawa masu zuwa tsohuwar mota suke saya su gyara a garejin gida, kuma galibinsu injin suke fara tunkara. Ni a ganina injin shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa.

Mu fara da motar kanta. Mazda MX-5, wadda ta fito tun 1989, ita ce zaɓin mai ƙaramin aljihu. Nauyinta wajen tan ɗaya, tayoyin baya ke tura ta, kayan gyaranta na ko'ina, kuma rashin nauyin ya sa ba ta cin taya da birki. Ciwonta tsatsa ne, sai ka kwanta ƙarƙashinta da tocila kafin ka ce ka saya. BMW E46, musamman 330i mai silinda shida, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tana kai wa kilo 1,500, kuma kowane kilo a kan birki yake hucewa. Tana da lalura biyu da aka san ta da su: kayan roba na hanyar ruwan sanyaya injin suna fashewa idan sun tsufa, sannan ƙarfen jikinta yakan tsage a inda ƙafar baya ke ɗaure. Sai Renault Clio 182, mai jan gaba, mai sauƙin sarrafawa ga ɗan koyo, in dai an sauya mata bel ɗin injin a kan kari. Da ni ne zan fara yau, Mazda zan ɗauka in rage canji na taya.

Yanzu ga inda maganar take: man birki. Ranata ta farko a fili, a zagaye na biyar na taka birki kafin wata kwana, ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Allah ya tsare, fili ne da ciyawa a gefe. Man ne ya tafasa, don ya shekara uku a motar yana shan raɓa. Man birki aji-aji ne, ana rubuta lambar ajin a jikin gwangwani. Ƙa'idar ajin DOT 4 ita ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa mizanin yana saukowa zuwa 155. DOT 5.1 daga 260 yake farawa. ATE Typ 200 yana kai wa 280 kuma ba shi da tsada, Motul RBF 600 ya haura 300, Castrol SRF kuwa ya fi su juriya bayan ya sha ruwa, sai dai kuɗinsa na sa mutum ya sake tambayar mai shago ko ya ji daidai. Mai zuwa fili sau biyu ko uku a shekara ATE ya ishe shi, in dai zai zubar da tsohon gaba ɗaya. Kada lamba ta ruɗe ka: DOT 5 daban yake, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Fad ɗin birki ma iri-iri ne. Na titi yana kamawa da sanyi, ya saki idan ya yi zafi. Na tsere zalla sai ya ɗau zafi yake ci, ga ƙara ga cin faifai. Wanda zai tuƙa motar daga gida zuwa fili ya nemi na tsakiya, irin Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff. Manyan faifan birki masu fenti ja a bar su sai an ga buƙata.

Taya kuma, a duba lambar lalacewa da ke jikinta, wadda girmanta ke nuna daɗewar tayar kafin ta cinye. Mai lamba 300 ko sama, kamar Michelin Pilot Sport 4, tana jure ruwan sama kuma tana yi wa direba kuka kafin ta zame, wanda darasi ne ga ɗan koyo. Mai lamba 200, irin Hankook RS4, ta fi riƙe busasshiyar kwalta. Toyo R888R mai lamba 100 ta fi su duka kamawa, amma tana ɓoye kuskure har sai gudu ya yi yawa, kuma tana wahalar da shoka da birki. Ko wacce ka zaɓa, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 a 2021. Tayar gwanjo mai shekara bakwai, ko da zanenta na nan kamar sabo, robarta ta bushe.

Hular kwano ka nemi mai shaidar Snell SA2020 ko FIA 8859, waɗanda aka yi don mota, cikinsu ba ya kama wuta da sauri. Wasu filaye na karɓar ta babur, ka tambaya kafin ka biya. Ɗamarar kafaɗa mai igiya huɗu ko shida tana da ban sha'awa a hoto, amma ba ta da gurbi a motar da ba kejin ƙarfe mai tare rufi: idan mota ta kife, ɗamarar ta riƙe ka a miƙe, rufi kuma yana saukowa. Ko dai kujera da keji da ɗamara tare, ko ka zauna da bel ɗin da motar ta zo da shi.

Salansa mai yawan ƙara kuwa asarar kuɗi ce a Ingila, inda filaye da yawa ke auna ƙara su mayar da motar da ta wuce wajen desibel 98 zuwa 105. Inshorar titi kuma yawanci ba ta biyan abin da ya faru a fili, akwai ta kwana ɗaya da ake saya daban.

Abin da ya rage a aljihu bayan sabon baƙin mai da duba lagireto, ni malamin tuƙi nake biya ya zauna gefena na rabin awa. Na farkon da na ɗauka, a zagaye biyu ya gano ina taka birki da wuri a kowace kwana, kuma ina kallon hancin mota maimakon inda zan fita.