KidWind: kayan koya wa yara samar da lantarki daga iska

KidWind kayan gwaji ne daga Amurka, kamfanin Vernier ke sayar da su ga makarantu. A cikin kwalin akwai ƙaramin janareta, da sandar da ake kafa shi a kai, da 'yan itatuwan da ake manna farfela, da ma'aunin kusurwa, sai kuma cibiyar da ke riƙe farfelun. Wannan cibiya ita ce ta sa muke ganin kayan sun ci kuɗinsu. Ramuka 12 gare ta, don haka yaro zai iya sa farfela 2, 3, 4, 6 ko 12 kuma tazararsu ta zo daidai. A sassauta ta, a murɗa kowace farfela zuwa kusurwar da ake so, a sake ɗaurewa, shi ke nan an shiga sabon gwaji.

A nan ne karatun yake. Yara kusan kullum sukan fara da cika ramukan duka, a zatonsu yawan farfela shi ne yawan wuta. Sai su ga injin ya tashi da wuri amma yana juyi a hankali, mitar auna wuta kuma ba ta nuna abin kirki ba. Farfela da yawa ƙarfin murɗawa suke bayarwa, shi ya sa injinan jan ruwa daga rijiya suke da su rututu. Janareta kuwa gudu yake so. A rage su zuwa 3, a karkatar da kowace da digiri 10 zuwa 20, nan take lambar mita za ta haura. A digiri 45 injin na tashi cikin sauƙi amma ba gudu. Idan aka miƙe su sarai ba karkata, ba ya ma motsawa. Farfela ɗaya ta fi sauran nauyi, ko kusurwarta ta bambanta, sai sandar ta kama rawa.

Inda malamai suka fi tuntuɓe shi ne wajen awo. Auna ƙarfin wuta ba tare da an jona komai ba yana ruɗi. A jona resista guda, wato ɗan abin da ke rage gudanar wuta, a bar ta ita ɗin ce a duk gwajin, a kuma canja abu ɗaya tak a lokaci guda. Ƙwan LED ja yana buƙatar kusan volt 2 kafin ya kama, kuma idan an juya wayoyinsa ba zai kama ba ko da injin na gudu. Kafin a ce janareta ya lalace, a sauya wayoyin tukuna.

Kayan suna da nasu cikas. An tsara su ne don aji mai fanka da wuta tsayayya. Fanka mai caji tana rage gudu yayin da batir ke sauka, ƙarfin da ke cikin iska kuwa yana ninkuwa sau 8 idan gudunta ya ninka sau 2, saboda haka ɗan saukar nan ya isa ya ɓata kwatancen sakamakon rukunin ɗalibai biyu. Iskar hunturu a fili ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, ta fi dacewa da nuni, ba awo ba. A ajiye injin kamar mita 1 daga fanka, kada farfela ta fi faɗin fankar, domin abin da ya wuce bai samun iska, ja da baya kawai yake yi. Tabarau na kare ido wajibi ne, farfelar da ba ta ɗauru ba takan cire.

Tsada da kuɗin jigila su ne babbar matsala ga makarantunmu. Shawararmu, a sayi saiti ɗaya ko biyu, a nemi mita a wurin masu kayan wuta, farfela kuma yara su yanka daga kwalin taliya. Makarantun Katsina suna da ƙarin dama: tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10 tana kusa, ɗalibai za su iya ganin manyan injinan su kwatanta da nasu.