Manhajar Sefaria: abin da take nuna wa mai son sanin yadda Yahudawa suke karanta Ishaya 53

A unguwannin Nima da Maamobi da Madina na Accra, muhawarar addini ba baƙon abu ba ce, kuma duk wanda ya saurari masu wa'azi a bakin tasha ko ya kalli faifan bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ya san cewa sura ta 53 ta littafin Annabi Ishaya tana yawan fitowa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, Kirista da Musulmi kowa yakan ce "Yahudawa sun ce kaza" alhali babu wanda ya buɗe littafinsu. Wannan giɓi ne manhajar Sefaria take cikewa, shi ya sa na ga ya dace in yi bayaninta.

Sefaria ɗakin karatu ne na littattafan Yahudawa da aka kafa a shekarar 2011, ana samunsa kyauta a intanet da kuma a waya, ba tare da talla ba. Ana iya sauke littattafan a karanta su ba tare da data ba, abin da yake da amfani ga mai ƙirga kowane sidi da yake kashewa. Yadda take aiki kuwa shi ne, idan mutum ya taɓa aya guda, sai ta jero masa sharhin malamai da duk wuraren da aka ambaci ayar a sauran littattafai, kamar yadda almajiri yake ganin hashiya a gefen matani.

Amfaninta ya fi bayyana a kan Ishaya 52:13 zuwa 53:12, inda aka siffanta bawan Ubangiji da aka raina, aka ji masa rauni saboda laifin wasu. Kiristoci tun farko sun karanta wannan a kan Yesu, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura ta 8, inda Filibus ya yi wa jami'in nan na Habasha bayani. Idan ka taɓa ayar a Sefaria, za ka ga Rashi, malamin Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105, yana cewa bawan nan al'ummar Isra'ila ce gaba ɗaya, wadda ta sha wuya a hannun al'ummai. Hujjar wannan karatu tana cikin littafin Ishaya kansa, domin a 41:8 da 44:1 da 49:3 an kira Isra'ila bawa ƙarara. Ibn Ezra, wani malamin Yahudawa mai sharhi, ya bi wannan hanya, ya kuma ambaci cewa Sa'adiya Gawon, malamin da ya gabace shi, ya fassara surar a kan Annabi Irmiya.

Sai dai a wannan shafi guda manhajar tana nuna abin da mai kare Rashi ba zai so a ɓoye ba idan yana da adalci. Targum Yonatan, tsohuwar fassarar Aramanci, ya kira bawan da sunan Almasihu tun a 52:13, ko da yake ya mayar da yawancin wahalar kan Isra'ila da maƙiyanta. A Talmud kuma, wato babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, a sashen Sanhedrin shafi na 98b, an jawo Ishaya 53:4 a cikin zancen sunan Almasihu. Tun 2017 ake samun Talmud ɗin a Sefaria tare da fassarar Turanci ta Rabbi Adin Steinsaltz, don haka mai Turanci yana iya dubawa da idonsa. A ganina wannan shi ne babban darajar manhajar, ba ta tace wa mai karatu abin da zai gani ba.

Akwai iyaka da ya kamata a sani tun kafin a sauke ta. Ɗakin karatu ne na Yahudawa, saboda haka babu Sabon Alkawari a ciki, babu kuma rubuce-rubucen malaman Kirista na farko. Wanda ya dogara da ita kaɗai ba zai ga cewa Orijen, malamin Kirista na ƙarni na 3, ya ba da labarin Yahudawan da suka ce masa surar tana magana ne a kan al'ummar Isra'ila, labarin da ya rushe zargin cewa Rashi ne ya ƙirƙiro wannan karatu. Haka kuma babu Hausa, wasu sharhohin ma suna nan da Ibrananci kawai, don haka dole mai karatu ya ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefe yana gwada aya da aya.

Ina ba malaman makarantu da masu wa'azi na kowane ɓangare shawarar su sauke ta, su kuma karanta babi na 11 na Dokokin Sarakuna na Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204. A can ya bayyana abin da Yahudawa suke jira daga Almasihu, wato ya gina Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Urushalima, a wurinsa ya kuma tattaro 'yan Isra'ila da suka warwatse, kuma a kan wannan ma'auni ne saɓaninsu da Kiristoci ya tsaya, fiye da a kan kowace aya guda.