Shagon bugun zane a Kaduna: bugu sai yabo, firam sai haƙuri

Yawancinmu da muka karanta zane a Zariya, wurin masu buga bana da kalandar 'yan siyasa muke kai aikinmu idan muna son kwafi, kuma kafin shekara ta zagayo launin ya koɗe. Wannan karon wani ɗan shago na je a Kaduna, wanda ba ya buga komai sai zane da hotuna. Na kai musu zanena na marinar Ƙofar Mata, ina son kwafi 25.

Da ƙura suke yaƙi kafin komai. Takalmi a waje ake barinsa, tagogi a liƙe suke, ƙofar ɗakin injin kuma labulen roba ne. A cikin hunturu muke, don haka ban ga sun wuce gona da iri ba: ƙwayar ƙura ɗaya in ta kwanta kan takarda, tawada ta hau kanta, ranar da ta faɗi sai ka ga farin ɗigo a tsakiyar aikinka. Mai shagon da safar hannu yake ɗaukar takarda, ya share ta da burushi mai laushi kafin ya sa a inji.

Injin Canon ne mai gurbin tawada 12, tawadar kuma mai ƙwayoyin launi ce, ba irin mai narkewa da rana ke cinyewa ba. Takardar Hahnemühle Photo Rag ce daga Jamus, auduga zalla, mai nauyin giram 308 a kowane murabba'in mita, ba ta da asid ɗin da ke sa takarda yin ɗorawa. Injin a kan batir yake, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, wannan takardar ta tafi ke nan.

Inda suka saye ni shi ne shuɗin baba. Gwajin farko ya fito ya karkata zuwa shunayya. Na ce a bari haka, ya ce, "Malama, ai ba haka ruwan karofi yake ba." Ya yi ta buga 'yan siraran gwaji, yana jera su gefen zanen a ƙarƙashin fitila mai farin haske irin na hantsi, har sai da launin ya zauna. Da aka buga kwafi 25 ɗin, bai bar ni na sa hannu ba sai da suka kwana suka bushe, da fensir kuwa, kowane da lambarsa, 1/25 har ƙarshe.

Kuɗin da zafi, amma takarda da tawada duka da dala ake shigo da su, ban yi ƙorafi ba.

Firam ne ya ɓata mini rai. Waje suke bayarwa, kuma wanda ya yi mini ya manne bugun da salatif a kan kwalin katan, gilashin na taɓa fuskar zanen. Da damina ta zo laima zai liƙe su, kwalin kuma ya bar tabo. Wanda zai je, ya karɓi bugunsa ba firam, ya nemi mai sa kwali marar asid da tazara tsakanin takarda da gilashi.